Mutumin da Ya Raba Mu da Kafur

Yaron yana ji! Jiya aka sa masa na'ura a kunne, na dama da na hagu, likita ta ce duka biyun lafiya lau suke. Jikana yana ji, jama'a. Yana tsotso, yana kuka da ƙarfinsa, idonsa fari tas.

Ku yi mini afuwa da na fara da wannan kafin sallama. Assalamu alaikum. 'Yan ajinmu na makarantar manya ta Kurmin Sarki ne suka ce in rubuta abin da za a karanta wurin addu'ar malaminmu, Malam Isyaku, tunda duk na girme su. Na ɗauki biro da niyyar in fara da ta'aziyya, sai hannuna ya ƙi. Da na yi tunani sai na ga labarin yaron nan da labarin Malam abu ɗaya ne. Da yana raye, shi ne mutum na farko da zan je in buga wa ƙofa in gaya wa.

Da hantsi labarin rasuwarsa ya same ni, ina shago ina yanka yadin wani ango. Babban ɗansa ne ya kira. Ya ce, "Baba Tela, Malam ya cika." Na ce wane Malam, alhali na san wanda yake nufi. Bai yi doguwar jinya ba. An ce ya dawo daga masallaci ya ce kansa yana sara, kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye almakashi na zauna a kan buhun ƙyallaye, na daɗe ban motsa ba.

Ni na yanka likkafaninsa. Da tef na auna, ina karanta lambobin da shi ya koya mini. Na yi shekaru masu yawa ina ɗinki ban san abin da aka rubuta a jikin tef ba. Farce nake sawa in riƙe wurin har in kai kan yadi. Sai da furfura ta cika mini gemu sannan na shiga aji, a hannunsa.

Malam Isyaku ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a asibitin gwamnati har ya yi ritaya. Ba wanda ya sa shi koyar da mu, shi ya kawo kansa. Bayan la'asar muke taruwa a ajin firamare, mu zauna a bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur: ni tela, da direbobi, da mahauta, da Sale mai shayi. Bai taɓa sa jan biro a takardar ɗayanmu ba. Ya ce jan biro na yara ne, dattijo a gefe ake kiransa a nuna masa. A watanmu na farko ya lura wasu daga cikinmu suna kai littafi nesa da fuska suna ƙanƙance ido. Washegari sai ga shi da tabarau cike da leda, ya zube a tebur ya ce kowa ya gwada. Ashe rabin abin da muke ɗauka duhun kai ne, ciwon ido ne.

Ranar Alhamis ba a karatu, ranar labari ce. Malam mutum ne mai bin abin da masu bincike suke ganowa. Yakan karanta a wayarsa da Turanci, ya zo ya warware mana da Hausar da ko mai tallan goro zai gane. A wurinsa muka ji cewa sauro ya fara sabawa da maganin da ke jikin gidan sauro, shi ya sa ake haɗa sababbi. A wurinsa muka ji cewa ledar da muke zubarwa a kwata ba ta ruɓewa, farfashewa take yi ƙanana ƙanana, har an same ta a cikin kifi. Wata rana ya zo da madubin ganin ƙwayoyin cuta, ya ɗiga masa ruwan rijiyar makarantar, ya ce mu yi layi. Da Sale ya leƙa ya ga abubuwa suna iyo, sai ya ja da baya ya dafe ƙirji.

"Malam, wallahi ni da ruwa har abada."

"Tafasawa kawai za ka yi, Sale. Kai da sana'arka ke nan?"

Wani lokaci mukan ƙure shi. Mu ce, Malam, bara ka ce kaza, bana kuma ka ce an gano ba haka ba ne. Sai ya yi dariya ya ce, "Shi ya sa ake kiransa bincike. Mutanen nan ba su ce sun gama sani ba, cewa suka yi sun ƙara sani." In kuma abu bai tabbata ba, ba ya ɓoyewa. Yakan ce, "Wannan ana kan gwadawa, kada ku dogara da shi tukuna." Ban taɓa jin ya ce mana abu tabbas ne don kawai mu ji daɗi ba.

To ga abin da ya haɗa gidana da shi.

Ina da 'ya, Rabi, autata. Tana aure a Kwamba, mijinta Nasiru yana aiki Abuja, kullum sai ya ratsa cunkoson Madalla safe da yamma. Ɗanta na fari namiji ne. Ya zo lafiya, sai jikinsa ya fara ɗorawa kamar an shafa masa kurkur. Aka ce ciwon shawara ne na jarirai, zai wuce. Aka riƙa fito da shi hantsi, ana ba shi jiƙo. Bai kai ranar suna ba. Ta biyu mace ce, ba abin da ya same ta, ga ta can tana makaranta. Na uku namiji, Habibu. Shi ma shawarar ta kama shi. Aka jira aka yi suna, sannan aka kai shi asibiti, lokacin ya riga ya fara sandarewa yana wani irin kuka siriri. Ya rayu, amma ba ya ji, kuma har yau sai an riƙe shi yake tafiya. Yaro ne mai fara'a, in ya gan ni gemuna yake kamawa. Bai taɓa jin muryata ba.

Mutane suka yi ta magana. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce Rabi ba ta da rabon 'ya'ya maza, wasu ma suka fara kallon wata maƙwabciya. Rabi ta rame. Da ta sake samun ciki, ranar da aka gaya mata a hoto cewa namiji ne, gidanmu ta zo ta shiga ɗakin uwarta ta yi ta kuka.

A makon nan ne na tsaya bayan an tashi aji na gaya wa Malam. Ya saurara har na gama, sannan ya fara tambaya. Mazan ne kaɗai? Na ce e. A ina ake ajiye kayan jariri? Na ce a akwati. Ana sa kafur? Na ce Malam, wane akwati ne ba kafur? Sannan ya ce, "Alhaji Garba, kai fa? Ka taɓa shan wani magani fitsarinka ya koma kamar shayi ba madara?" Na tuna an taɓa yin haka ina saurayi, bayan maganin zazzaɓi, har na kwanta. Ya ce gobe kada in buɗe shago, zai raka ni a ɗebi jinina da na Rabi.

Da sakamako ya fito ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce akwai wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, wasu mutane ana haifarsu da ƙarancinsa, kuma suna da yawa a ƙasashenmu. Mai irin wannan jini yana zaman lafiyarsa, sai in ya haɗu da wasu abubuwa, ciki har da kafur, sai ƙwayoyin jinin su yi ta fashewa. A jikin jariri, abin da suke fitarwa shi ne ɗorawar nan da muke gani. In ta yi yawa takan hau ƙwaƙwalwa, kuma jijiyar ji tana cikin abin da take fara taɓawa. Ya ce ba sai yaro ya haɗiyi kafur ba. Warin da ya kama zane ya isa, ta hanci da ta fata.

Na ce, "Ashe daga jinina ne."

Ya ce, "Gado ne, kamar tsawo da launin fata. Masu bincike ma suna ganin irin jinin nan ya yaɗu ne saboda yana ɗan kare mutum daga zazzaɓi mai tsanani. Wataƙila da shi kakanninka suka rayu har aka same ka. Kada ka zage shi, ka san shi kawai."

Aiki ya rage a wurin matata, Hajiya Talatu. Duk unguwa an san ta da adana kaya. Tun cikin Rabi yana ƙarami ta cika akwati biyu da zannuwan goyo da riguna da huluna, yawancinsu ɗinkina, ta jera musu kafur saƙo saƙo don kyankyaso da asu. A wurinta, jaririn da ba ya ƙamshin kafur ba a shirya masa ba. Na gaya mata abin da Malam ya ce, ta ce in bar mata harkar mata in koma kan kekena.

Sai Malam ya zo da kansa, wata Asabar da rana. Ya zauna a tabarma a tsakar gida, ya sha fura, ya yaba. Sannan ya roƙi a buɗe masa akwatin. Ana ɗaga murfi warin ya cika gidan.

Hajiya ta ce, "Malam, ina ganin girmanka. Amma da kafur ɗin nan na raini 'ya'yana maza huɗu, ga su can ƙarti, ba wanda ya taɓa ko rawayar ido."

Ya ce, "Gaskiyarki, Hajiya. Ai ba ta wurinki abin ya biyo ba. Uba ba ya ba ɗansa namiji irin wannan, 'yarsa yake ba, ita kuma tana iya ba ɗanta. Shi ya sa ya tsallake mazanki ya faɗa kan 'ya'yan Rabi."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Au! Ashe kai ne, Alhaji? Shekara da shekaru ana zargin mutanen Allah, ashe mai abin yana zaune yana cin tuwona."

Na ce, "Ni ma gada na yi."

"To kai me ya hana ta kashe ka kana jariri?"

"A ƙauyenmu ko akwatin ba mu da shi, balle kafur."

Malam ya yi dariya har da tari. Amma da dariya ta lafa, Hajiya ta zauna a bakin akwatin ta yi tagumi, na ga idonta ya ciko. Na san Habibu take tunani. Malam ma ya gane. Ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, kin sa kafur ne don ki kare su. Abin da ba a sani ba, ba a san shi ba. Yanzu da aka sani ne aiki ya hau kanmu." Ta tashi ta kwashe ƙwayoyin nan tas ta ƙulle a leda ta miƙa mini ta ce in kai su inda ba za ta sake gani ba. Malam ya ce tsofaffin kayan kada a yi kasada da su, warin ba ya fita da wanki ɗaya. Na koma shago na ɗinka sababbi, aka ajiye su a bokiti mai murfi. Malam ya hana man zafi, ya hana lalle a jikin yaron, ya hana kowane magani sai wanda likita ya rubuta da sanin irin jininsa.

Kafin ya tafi ya ce ko ba kafur, shawarar tana iya zuwa, don haka mu koyi ganinta. Ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake danna goshin jariri ko hancinsa da yatsa a saki, a dubi launin wurin. A duba farin ido, a duba dasashi. Ya ce a waje za a duba, da hasken rana, don fitilar ɗaki tana ɓoye ta. Hajiya ta ce to a shanya shi a hantsi mana. Ya ce rana tsagwaronta tana ƙona jariri, kuma ba ta isa in abin ya yi ƙarfi. Ya ce masu bincike, har a ƙasar nan, sun gwada wata rumfa mai leda ta musamman da ke tace rana ta bar hasken da ake so, amma wannan aikin ma'aikatan lafiya ne, ba na tsakar gida ba. A asibiti akwai shuɗiyar fitila da ake kwantar da yaro a ƙarƙashinta, ita ke narkar da abin ya fita. Yana sa takalmi a zaure ya juyo ya ce, "Abu ɗaya nake so ku riƙe. Ciwon nan ba ya jiran ranar suna."

Zuwansa gidana na ƙarshe ke nan. Bai ga haihuwar ba.

Rabi ta haihu 'yan makonni bayan mun binne shi. Aka sallamo su lafiya, yaro jajir, kowa na murna. Ni kuwa kullum da safe sai na hau keke mai ƙafa uku na tafi Kwamba, in ce a fito mini da shi bakin ƙofa. Mata suna ta yi mini dariya, wai tela ya zama likita. Wata safiya na danna goshinsa na saki, sai na ga wurin ya yi kalar kwaiduwar ƙwai. Na buɗe idonsa. Farin idon ma ya yi ɗorawa.

Na ce a ɗauko mayafi, asibiti za mu. Uwar Nasiru, wadda ta zo wankan jego, ta tare ƙofa. Mace ce mai kirki, kuma ba abin da take so irin jikan nan.

Ta ce, "Haba Alhaji, ina aka taɓa yi? Ɗanyen jego, ko cibi bai faɗi ba, a fita da shi titi iska ta buge shi? A bari a yi suna mana, kwana nawa ya rage? Ga hantsi nan, a sa shi."

Ni suruki ne, akwai iyakar abin da zan iya faɗa a gidan mutane. Nasiru yana Abuja, wayarsa ba ta shiga. Rabi ta rungume yaron tana kallon ƙasa. Sai Hajiya Talatu ta miƙe, ita da ta ce in bar mata harkar mata. Ta ɗaura ɗankwali ta karɓi yaron daga hannun 'yarta.

Ta ce, "Yaya, mun jira suna sau biyu. Ɗaya yana ƙasa, ɗaya ga shi can ba ya jin kiran sunan da muka jira. Mutumin da ya gaya mini kada in jira yana kabari, ba zan saɓa masa ba. In iska kike tsoro, zo ki riƙe masa zane mu tafi tare."

Uwar Nasiru ta dubi Habibu yana zaune a gindin bango yana wasa da murfin kwano. Ta shiga ta ɗauko hijabinta. Ita ce ta zauna ta bakin keke mai ƙafa uku tana kare yaron da jikinta har muka isa.

A asibiti na gaya musu irin jinin gidanmu tun daga ƙofa, kamar yadda Malam ya ce in yi. Aka ɗebi jininsa, aka tuɓe shi, aka rufe masa ido da ƙyalle, aka kwantar da shi ƙarƙashin fitilar. Ɗakin duka shuɗi. Likitar, yarinya ce sa'ar Rabi, ta ce abin ya hau sosai, in bai sauka ba sai an sauya masa jini. Muka zauna a baranda muna jan carbi. A nan aka yi masa huɗuba ranar suna, da dabino da goro a leda, ba taro ba kiɗa. Nasiru ne ya matso kusa da ni ya ce, "Baba, in ka yarda, sunan Malam nake so." Na ɗaga masa kai.

Abin ya fara sauka, ya ci gaba da sauka, ba a kai ga sauya jini ba. Ranar da za a sallame mu likitar ta tsayar da ni.

Ta ce, "Baba, yawanci sai yaro ya sandare ake kawo mana shi. Wa ya ce ku zo da wuri?"

Na ce, "Malaminmu ne na makarantar yamma."

"Don Allah ka gaishe mini da shi. Ka ce ya yi aiki."

Na ce mata ya riga mu gidan gaskiya. Ta ajiye abin da ke hannunta ta yi masa addu'a a tsaye.

Ko da muka dawo gida hankalina bai kwanta ba, don Habibu ma a lokacinsa ya dawo gida daga asibiti, amma ba ya ji. Ba wanda ya furta, amma kowa kunnen yaron yake tunani. Sai wata rana da azahar faranti ya suɓuce daga hannun Rabi ya faɗi a siminti. Yaron yana barci ya zabura, ya watsa hannuwa, ya callara kuka. Hajiya ta sunkuya ta ɗauki farantin, ta jira ya yi shiru, ta sake sakinsa. Ya sake zabura. Ta ɗauka za ta yi na uku, uwar Nasiru ta riƙe hannunta tana dariya tana hawaye ta ce, "Ke, za ki kashe mini miji da tsoro!" Duk da haka na ce sai an gwada da na'ura, don Malam bai koya mana mu tsaya a kan zato ba. Jiya aka gwada. Kun ji sakamakon tun farko.

Na san Allah ne mai rayawa, kuma Shi ne mai ba da ji da gani. Amma Yakan sa bawansa ya zama sanadi, kuma a gidana Malam Isyaku ne sanadi. Bai yi mana allura ba, bai ba mu magani ba. Ya karanta abin da wasu mutane suka wahala suka gano a can nesa, ya ɗauko ya kawo har bakin akwatin matata, ya faɗa ta yadda ba wanda ya ji an wulaƙanta shi.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Isyaku. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Duk harafin da ya koya wa tsoho, da duk jaririn da zai rayu saboda maganarsa, Ka sa a mizaninsa. Ka ba uwargidansa Hajiya Asabe haƙuri, Ka raya 'ya'yansa a kan halinsa, Ka rufa musu asiri duniya da lahira. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Walimar da ba a yi ba ranar suna, Asabar mai zuwa za a yi ta a Kwamba, gidan Nasiru, bayan azahar. Ina gayyatar 'yan ajinmu duka, da iyalan Malam, da duk wanda ya ji wannan takarda. Hajiya Asabe, ke za a fara miƙa wa shi. A gida ba ma iya kiran sunan, Malam Ƙarami muke ce masa. Ku zo ku ɗauke shi, ku dubi idonsa a hasken rana, ku tafa hannu a bayansa ku ga yadda yake zabura. Sale, kai ne da shayi, kuma a tafasa ruwan sosai. Roƙo ɗaya nake yi: duk wanda babbar rigarsa ta kwana a akwatin kafur, ya bar ta a gida ya zo da ta aiki. Ku zo ku gani.